Ku daina ɗora wa mace laifin HPV ita kaɗai

Wallahi maganganun da ake ta yi a kan baiwar Allahn nan tun shekaranjiya sun ƙona min rai. Mace tana kwance da sankarar bakin mahaifa, miji ya sake ta don ya ji likita ya ce ta hanyar saduwa ake ɗaukar HPV, ƙwayar cutar da ke jawo ta, ku kuma kun taru kuna cewa ai ruwa ba ya tsami banza. Wannan zalunci ne tsagwaronsa. Shi mijin wa ya gwada shi? Babu wanda ya gwada shi, domin har yau babu wani gwajin HPV da ake yi wa maza a kai a kai yadda ake yi wa mata. Namiji zai ɗauki ƙwayar nan ya shekara da ita garau, ba ciwo ba ƙaiƙayi ba komai, ya ba matarsa bai sani ba, ita ce za ta kwanta, ita ce kuma za a zaga.

Don Allah ku fahimta, HPV ba cutar mata ba ce. Ire-irenta sun haura 200 kuma kusan duk wanda ya taɓa saduwa, mace ko namiji, zai gamu da wata a rayuwarsa. Binciken da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2023 ya nuna kusan namiji ɗaya cikin uku a duniya yana ɗauke da ita, ɗaya cikin biyar kuma irin mai jawo kansa, wato sankara, ce a jikinsa. Bambancin kawai inda take zama ne. A bakin mahaifa akwai wani wuri da fata iri biyu suka haɗu, ƙwayoyin halittar wurin kullum cikin sabuntawa suke, to nan take samun gindin zama. Yawancin mutane garkuwar jikinsu tana kawar da ita cikin shekara biyu, amma in ta maƙale, musamman nau'i mai lamba 16 da 18 waɗanda su ne sanadin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa, sai ta yi ta aiki a ɓoye shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama kansa. Shekara 20 fa! To ta yaya wani zai zauna yau ya yanke hukuncin ranar da matar nan ta ɗauka da wanda ya ba ta?

Na ga masu cewa to ai namiji ba ta yi masa komai, me ya dame shi. Tana yi. Tsiron da ke fitowa a gaba, mai lamba 6 da 11 ne ke kawo mafi yawansa, kuma maza da mata duka yake kamawa. Tana jawo kansar azzakari da ta dubura da ta maƙogwaro, kuma ta maƙogwaron nan maza ta fi kamawa nesa ba kusa ba, har ta kai a Amurka yawanta ya zarce na sankarar bakin mahaifa. Masu cewa kororon roba ya isa, yana ragewa ƙwarai amma ba ya rufe ko'ina, ita kuwa gogar fata kaɗai ta ishe ta. Masu cewa mutumin kirki ba ya ɗauka, ba zan ma tsaya a kan wannan ba, mace tana iya auren mutum ɗaya tak duk rayuwarta ta kamu.

A 2022 mata kusan 660,000 aka gano da wannan sankara a duniya, kusan 350,000 suka rasu, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan. Uwayen mutane ne, 'ya'yan mutane ne. Kuma cuta ce da ake iya tarewa, rigakafinta yana nan tun 2006, ya fi aiki in an yi wa yara masu shekara 9 zuwa 14 kafin su gamu da ƙwayar. Ostiraliya tun 2013 take yi har da yara maza, Ingila ta bi a 2019, saboda sun gane ba a tare wannan abu ta ɓangare ɗaya. Duk zagin da kuka yi wa matar nan, wata tana can tana karantawa tana ganin jini bayan saduwa, ta fasa zuwa asibiti don kar a ce mata 'yar iska. Ku ne kuka hana ta, kuma Allah zai tambaye ku.

Sannan ku maza masu shan sigari, in kun ji ƙullutu a wuya da bai baje ba bayan makonni, ko haɗiyar abinci tana yi muku zafi, ku daina sayen maganin mura kuna sha. Ku je likita ya leƙa maƙogwaron.