Babu Adaftar Da Za Ta Jawo Tauraron Amurka Zuwa Kano

Wai yaushe masu sayar da kayan rediyon mota za su ji tsoron Allah ne? Mutum ya shiga shago ya ce rediyon motarsa na ɗaukewa a hanya, kafin ya rufe baki an zaro masa ɗan kwali mai ƙyalli. "Alhaji, ai ga maganin abin. Adaftar satalayit ce, ko a tsakiyar daji kake za ta kama maka." Ƙarya ce tsagwaronta, kuma da yawansu sun san ƙarya suke yi.

Motocinmu ne suka ba su ƙofa. Yawancin 'yan Kwatanon da muke hawa, su Camry da Accord da Sienna da Highlander, don kasuwar Amurka aka ƙera su, can suka ci zamaninsu kafin a ɗoro mana su a jirgin ruwa. A fuskar rediyon wasunsu akwai maɓallin da aka rubuta wa SAT ko XM, ga kuma 'yar guntuwar eriya a bayan rufi. Mai mota ya danna, shiru. Sai ya ɗauka wani ɗan ƙarfe ne ya ɓace a ciki, da an saka shi shi ke nan. A daidai nan ɗan kasuwa yake jiran sa.

To ba abin da ya ɓace. Wannan maɓalli na SiriusXM ne, kamfanin Amurka mai watsa shirye-shiryen rediyo ta tauraron ɗan Adam. Da can biyu ne, XM da ya fara watsa shiri a 2001 da Sirius da ya biyo baya a 2002, suka haɗe a 2008. Taurarinsu na can sama kusan kilomita 36,000, kuma Amurka da Kanada aka saita su su haska. Ko a can ɗin ma ba kyauta ba ne, duk wata ake biya, kowace rediyo da lambarta, kuma ta tauraron ake aiko saƙon da zai buɗe ta. Saƙon da bai sauka a Afirka ba, ta ina zai buɗe maka rediyo a Wudil? Ko na'urar kamfanin ta asali ka yi oda da dalarka, ado kawai za ta yi maka.

Ba'amurke shi ne yake da abin zaɓa. Zai duba bayan rediyonsa ko akwai ramin da ake jona na'urar kai tsaye, in babu ya sayi wadda ake kafawa a gaban mota, ta tura sauti ta wayar AUX, wato wayar shigar da sauti cikin rediyo, ko ta FM, ya manna eriya mai maganaɗisu a rufi inda za ta ga sarari. A manyan biranensu ma, inda dogayen benaye ke tare sigina, kamfanin ya kafa turaku a ƙasa suna taimaka wa tauraron. Mu ko turke ɗaya ba mu da shi, amma ana sayar mana da adafta har da rantsuwa.

Maƙwabcina direba ne, yana jan Sharon tsakanin Kano da Maiduguri, tafiyar kusan kilomita 600. Bawan Allah ba abin da yake so irin ya ji labarai yana tuƙi, don shi ke hana shi gyangyaɗi, kuma a wannan hanya sanin abin da ke gabanka ba wasa ba ne. Da ya yi nisa da gari FM ta fara shashsheka, kafin wani garin ta mutu. Aka sayar masa da "ta satalayit" da kuɗin da ya isa cefanen kwanaki. Da muka buɗe kwalin, me za mu gani? Wannan 'yar na'urar ce da ake cusawa a ramin kunna sigari, ta karɓi sauti daga waya ta Bluetooth ta watsa shi a wata mitar FM da ba kowa a kai. Wato wayarsa ce rediyon, datarsa ce ke ƙonewa, kuma duk inda sabis ya yanke tsakanin Potiskum da Damaturu ita ma ta yi gum. In ya shigo gari kuma tashoshin gaske su danne ta, sai ƙara da tsuwwa.

Ya mayar. Yaron shago ya dube shi ya ce, "Baba, kayan wuta ba a dawo da su, kuma ai sai an yi mata setin." Ya tura shi wajen wani mai gyaran wayar mota, abokin cin mushensu. Shi kuma ya farke gaban mota, ya yanke wayoyi ya ɗaure da salatif, ya jona abin kai tsaye da batir ba ko fis. Washegari da asuba mota ta ƙi tashi, fasinja na tasha suna jira. Kuɗin adafta, kuɗin aiki, kuɗin cajin batir, ga lodin ranar ya wuce shi. Wa zai kai wa ƙara? Ba rasit, kwalin ba adireshi, masu duba ingancin kaya kuwa ban taɓa ganin ƙeyarsu a layin nan ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mun taɓa samun namu. Noah Samara, haifaffen Habasha, ya kafa kamfanin rediyon tauraro mai suna WorldSpace, aka harba tauraron AfriStar a 1998 musamman don Afirka. Rediyoyinsa sun yi tsada, talaka bai iya saye ba, kamfanin ya karye a 2008. Duk ɗan kasuwar da ya daɗe a harkar nan ya san wannan labari. Ya san abin ya mutu, yana kuma ci da sunansa.

Da gaskiya suke so su faɗa, akwai matsala ta ainihi da za su ci halal a kanta. Rediyon Amurka a FM lambobin mara kawai take takawa, 88.1, 88.3, 88.5, don haka duk tashar da ta zauna a lambar cika ba za ta fito tas ba. A matsakaicin zango tana tsallen goma-goma, mu kuwa tara-tara aka raba mana. Rediyon Kaduna na kan 594, ita kuma daga 590 sai 600, sai dai ka ji shi a dishe. Gajeren zango, inda iyayenmu suka saba kama BBC da Jamus, babu shi sam a cikinta. Maganin wannan a sauya rediyon gaba ɗaya da wadda aka yi don yankinmu, ko a sauke shirye-shirye da karatu a waya ko filashi tun a gida, a jona ta AUX. Wannan ba ya buƙatar rantsuwa, shi ya sa ba ya burge su.

Ni dai duk wanda ya sake miƙo min kwali ya ce na tauraro ne, ba zan yi musu da shi ba. Zan kashe wayata in sa a aljihu, shi ma ya kashe tasa, mu fita wajen mota ya jona, ya kamo min tasha ɗaya tak da rediyon ba ta kamawa da kanta. Kuɗina na hannuna har sai ta yi magana.