Kafin Alhaji ya biya kuɗin Cessna 421, a tambaye shi inda zai sha mai

Masu sha'awar mallakar jirgin kansu sukan leƙa shafukan dillalan Amurka su ga Cessna 340 ko 414 ko 421 a farashin da ya yi ƙasa da na jirage masu injin tarbain, sai ransu ya biya. Inji biyu, kujeru shida zuwa takwas, ga ɗakin fasinja mai matsin iska da zai haye ƙafa 20,000 ba wanda ya sa abin shaƙar iska a hanci. Ra'ayina shi ne, ga mutumin da zai ajiye jirginsa a Zariya ko Kaduna ko Kano, gardamar wanne ya fi gudu ita ce ta ƙarshe. Mai da makaniki su ne a gaba.

Duk waɗannan jiragen man Avgas 100LL suke sha, shuɗin nan mai dalma. Ba a tace shi a Nijeriya, shigo da shi ake yi, galibi a duro mai lita 200, kuma filayen jiragenmu Jet A-1, man jirage masu injin tarbain, suka sani. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama da ke nan Palladan a Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita kanta ta koma sayen Diamond DA40 da DA42 masu shan Jet A-1 bayan shekaru tana koyarwa da Tampico da Baron masu shan Avgas. Wannan kaɗai ya isa mai saye ya dakata ya yi lissafi. Cessna 421C tana shan kusan lita 160 a awa, 340A kuma wajen 130. Zariya zuwa Legas kilomita 700 ne a sama, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci, wato kusan duro biyu a zuwa kaɗai. Tankin 421C na asali lita 780 yake ɗauka, don haka ba za ta je ta dawo da ragowar man da doka ta wajabta ba. Sai an tanadi mai a can tun kafin a tashi daga nan.

Shi kansa duron aiki ne. A duba hatiminsa da kwanan watan da aka cika shi, a bar shi ya natsa bayan an sauke shi daga mota, a gwada ruwa a gindinsa, a zuba ta matata. Babban haɗarin kuwa shi ne mai zuba mai ya ga jirgi mai inji biyu da ƙofa mai matakala ya ɗauka ɗan'uwan King Air ne, jirgin nan mai injin tarbain, ya ɗura masa Jet A-1. Injin zai tashi lafiya da ragowar Avgas ɗin da ke cikin bututu, jirgi ya bar ƙasa, sannan gaurayen ya iso silinda, wuta ta riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, injuna biyun su mutu kusan tare. Matuƙi ya tsaya a wurin da kansa lokacin zubawa. Ya ɗiga man a farar takarda: Avgas zai bushe tas, idan akwai Jet a ciki zai bar tabon maiƙo.

Sai batun matsin iskar, wanda shi ne dalilin ƙarin kuɗin. Iskar daga turbo na kowane inji, wato na'urar da ke matsa iska tana tura wa injin, ake ɗebo ta, ta bi ta mai sanyayawa ta shiga ɗaki, wani bawul a bangon baya yana sakin ta daidai gwargwado. Cessna 340A tana riƙe bambancin matsi tsakanin ciki da waje na psi 4.2 (psi ma'aunin matsi ne), a ƙafa 20,000 fasinja yana jin kamar yana ƙafa 8,000. Ita 414A da 421C psi 5.0 ne, a wannan tsayin ɗakin yana wajen ƙafa 6,000. Baron 58P ta Beechcraft 3.9 take tsayawa. Amma waɗannan alƙaluman sabon jirgi ne, kuma an daina ƙera su duka tun tsakiyar shekarun 1980. Robar ƙofa ta bushe, robobin da wayoyi ke ratsa bango sun tsage, ƙurar hunturu ta maƙale a bawul. Idan dillali bai yarda a hau ƙafa 20,000 a ga allurar ta kai cikakken bambancin ba, a bar masa kayansa.

Kuma a yi wa kai adalci, ina za a je? Daga Zariya, Kano kilomita 140 ce, Abuja 240. Kafin jirgi ya gama hawa lokacin sauka ya yi. Amfanin matsin iska yana fitowa ne a hanyar Legas, Fatakwal ko Maiduguri, musamman lokacin hazo, inda za ka haye ƙurar ka sami sarari. Da damina kuwa kada kowa ya ruɗe ka, hadarin da ke tasowa daga gabas yana wuce ƙafa 40,000, ba ka haye shi, kuma daga wajen ƙafa 15,000 zuwa sama ƙanƙara ke kama fiffike a cikin gajimare ko da a nan ƙasa ana zufa. Robar fasa ƙanƙara da na'urar hango hadari dole su yi aiki.

A cikinsu 414A zan nuna wa mai saye. Ta fito a 1978 da fiffike wanda shi kansa ne tanki, ba tankunan bakin fiffike irin na 340, inda ake da babban tanki da ƙarami da na akwatin kaya, kuma sai an bi su a jere, in ba haka ba mai ya riƙa tsiyaya waje ko inji ya yi tari. Injinta Continental TSIO-520 ne mai ƙarfin doki 310, dangin injin da makanikan da suka taɓa Baron ba za su ga baƙo ba. Laifinta nauyi: ɗaki babba, inji matsakaici, idan aka cika tanki mutum uku ko huɗu ne da 'yar jaka. 340A ta fi sauƙin kuɗi amma ɗakinta ƙunci ne.

421C ta fi su daɗin zama, babu musu. Injinta GTSIO-520 mai doki 375 yana da giya, farfela tana juya kashi biyu cikin uku na gudun injin, shi ya sa ƙararta ba ta damun fasinja. Sai dai giyar ba ta son hannu mai garaje. Matuƙin da ke fizge maƙura baya a lokacin sauka har iska ta koma ita ke juya farfela, shi ke cinye injin kafin awa 1,600 ɗin da aka ɗiba masa. Jirgi ne na wanda zai riƙe matuƙi ɗaya, ba yau wannan gobe wancan ba.

Beechcraft Duke kyakkyawa ce, ƙasa da 600 aka ƙera, injinta Lycoming TIO-541 kusan ita kaɗai ke amfani da shi, wutsiyarta kuma da magnesiyam aka rufe, yana cin tsatsa. Aerostar 601P ta fi kowa gudu, amma wurin injinta a cushe yake kamar motar kasuwar Giwa, sai wanda ya san ta. Ba na ba wa kowa shawarar su a Arewa.

Wani abin da ya kashe mutane da dama a Cessna masu turbo shi ne salansa. Tun shekarar 2000 hukumar jiragen Amurka ta fitar da umarni na dole mai lamba 2000-01-16: dubawa da ido kowace awa 50, gwajin matsi kowace shekara, sannan a cire salansar gaba ɗaya bayan awa 2,500 ko shekara 12. Dalili kuwa, ƙaramin tsagu yana feso wuta kan ƙarfen da ke riƙe inji da bututun mai, har ta kai ga ƙashin fiffike. Sa lambar rajistar Nijeriya ta 5N a wutsiya ba ya ɗauke wannan umarnin, NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, za ta nemi shaidarsa a littafin jirgin. Mai dubawa ya ciro murfin inji ya sa tocila a ƙasan turbo, farin gari ko launin toka a jikin ƙarfe alamar yoyo ne.

Ranka ya daɗe, inji na biyu ma ba lamuni ba ne. Littattafan waɗannan jirage suna nuna hawan ƙafa 240 zuwa 350 a minti idan inji ɗaya ya mutu, a bakin teku, a rana mai sanyi. Filin Zariya yana sama da ƙafa 2,100, ranar da zafin bazara ya kai digiri 38 fiffike da farfela suna jin kamar ƙafa 5,500 ne. Da cikakken kaya, abin da zai rage na hawan kaɗan ne. Sai a rage nauyi, a tashi da sassafe, matuƙi kuma ya riƙa sabunta horon inji ɗaya duk shekara.

Wanda tafiyarsa ba ta wuce Abuja da Kano ba, DA42 ko DA62 mai shan Jet A-1 ta ishe shi, ko da babu matsin iska. Wanda dole sai Legas duk mako da iyali, ya ƙara kuɗi ya nemi King Air C90. Wanda kuma ya nace sai 414A, ya fara kulla yarjejeniyar Avgas a rubuce a filaye biyu, ya sami kamfanin gyara da NCAA ta amince wa da irin jirgin, sannan ya tura makanikinsa Amurka ya duba kafin a biya ko sisi.