Hular kwano daban, murƙushe babur daban

Duk lokacin da aka tayar da maganar hana achaba a Legas, 'yan uwanmu sukan rabu gida biyu. Wasu su ce gwamnati ba ta da hurumin hana mutum neman halalinsa, ƙiyayyar ɗan Arewa ce kawai. Wasu kuma, galibi masu motar kansu, su ce a kwashe su duka kowa ya huta. Ni ban tare da ko ɗaya. Dokar da ta ce ka yi sana'arka ba tare da ka kashe wani ba daban take da dokar da ta kashe sana'ar gaba ɗaya, amma mun haɗa su muna zagi ko muna tafi.

Ku tambayi ɗan achaba me ya sa ba ya sa hular kwano, zai ce muku kansa ne, in ya faɗi shi zai mutu. Tun a farkon 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta tilasta sa hular muke wannan gardama. A lokacin wasu ƙwarya suka kifa a ka, fasinjoji kuma suka ce ba za su sa hular da wani ya cire ba don kada a yi musu asiri. An yi dariya, amma maganar ba ta dariya ba ce. Ku tsaya a bakin titi a Agege da ƙarfe bakwai na safe. Za ku ga yaro ɗan shekara ashirin ya ɗauko 'yan makaranta uku, ƙaramin a kan tanki ya rungume kwandon abincinsa, ga shi yana bin hannun da ba nasa ba, yana ratsa tsakanin danfo da tirela. Wannan kan wa ya sa a caca? Ko da shi kaɗai ne a kan babur ɗin, ranar da aka kwashe shi zuwa asibitin ƙashi na Igbobi mu ne za mu bi sahu bayan sallar Juma'a muna tara kuɗin ɗori, matarsa kuma tana can ƙauye tana jiran aiken ƙarshen wata da ba zai zo ba.

Wanda ke shakkar cewa wani lokaci dole a tauye mutum ɗaya don a tsirar da gari, ya tuna Yulin 2014. Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da Ebola, ya matsa lamba a sallame shi daga asibiti a Obalende, Dakta Stella Adadevoh ta ƙi. Ita kanta likitar, cutar ce ta yi ajalinta a watan Agusta. Mutum 20 suka kamu a ƙasar nan, 8 suka rasu, kuma zuwa 20 ga Oktoba aka bayyana Najeriya ta rabu da cutar. Da an bar shi ya fita da sunan 'yancinsa, ku kwatanta abin da zai faru in ciwon ya shiga kasuwar Mile 12 ko lungunan Idi-Araba. Addininmu ma ya riga kowa: in annoba ta ɓarke a gari, na ciki kada ya fita, na waje kada ya shiga. Tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin zirga-zirga a sashe na 41, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi saboda lafiya da tsaron jama'a.

To amma Sawyer an tsare shi ne saboda cutar tana jikinsa shi kansa. Dokar achaba kuwa kowa ta haɗa. A 2012 gwamnatin Fashola ta hana babura bin tituna 475. A Fabrairun 2020 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana achaba da keke a yankunan Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland. Ranar 1 ga Yunin 2022 aka sake ɗaure dokar, bayan kisan wani matashi a Lekki da aka ɗora wa 'yan achaba, a Satumba kuma aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Kisan nan ta'asa ce, kuma hukunta waɗanda suka yi shi wajibi ne. Sai dai dattijon da ya shekara goma sha yana ɗaukar 'yan kasuwa ba tare da ya ko ƙwarzane wani ba, shi ma an haɗa da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2020. Kamfanonin achaba irin su Gokada da Max suna da rajista, direbobinsu na da hula, suna ba fasinja tasa, ana iya gano kowane babur ta waya. Su ma aka hana su ɗaukar fasinja a waɗannan yankuna. Wane darasi ke nan aka koya wa yaron da ke tunanin ko ya sayi hula ya yanki lamba? Cewa mai bin doka da mai karya ta makomarsu ɗaya.

Masu cewa ƙabilanci ne zalla su ma su sassauta. Kano ta hana achaba a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, kuma ba Bayarabe ne ya sa hannu ba. Bambancin shi ne a Kano adaidaita sahu ta cike gurbin, da yawa daga masu babur suka koma can. A nan kuwa ana kama babur a murƙushe shi a gaban 'yan jarida, alhali sau da yawa na bashi ne, mai shi yana biyan balas kullum bai gama ba. Kuma ku da kuke bin titunan da aka hana ɗin kun san har yau ana hawa. Wanda ke da abin miƙawa ya wuce, mai kaki ya ɗauki fasinjansa ba mai ce masa kanzil, baƙon da ya zo ci-rani jiya shi ake damƙewa. In don kare rayuka aka yi dokar, haɗarin bai san wanda ya biya ba.

Akwai hanyar da ba ta jifa da ƙone-ƙone ba. Da can a Legas ana kulle kowa a gida ranar Asabar ɗin ƙarshen wata saboda shara, har wani lauya ya kai ƙara, babbar kotun tarayya a 2015 ta ce hana zirga-zirgar ba ya bisa doka, a 2016 gwamnatin Ambode ta soke tsarin. Sarakunan Hausawa na Agege da Mile 12 da shugabannin ƙungiyoyin achaba, ranku ya daɗe, tikitin da ake yanka wa yaran nan kowace safiya ya isa ɗaukar lauya. Ku fara da gida: rajistar kowane direba da mai tsaya masa, riga mai lamba, hula biyu, fasinja ɗaya, duk wanda aka kama yana bin hannun da ba nasa ba ƙungiya ta karɓe makullinsa kafin hukuma ta iso. Da wannan a hannu sai ku je Alausa, hedkwatar gwamnatin jiha, ku nemi a buɗe titunan cikin unguwa, a mayar da murƙushe babur tara mai rasit.