Daga Kurmawa zuwa Janguza: ina ajin karatun?

Tun da gwamnatin Kano ta bayyana shirin mayar da gidan yarin Kurmawa gidan tarihi, a kwashe mazauna cikinsa zuwa gidan yarin Janguza, duk muhawarar a kan gini ta tsaya. Ban ji wanda ya tambayi makomar karatun waɗanda za a kwasa ba. In kuwa ka ɗaga maganar a majalisar hira, amsar ɗaya ce: 'ya'yan mutanen kirki sun rasa kuɗin rajista, sai ɓarawo da ɗan daba za a ba digiri?

Wannan magana tana ɓata min rai, don masu yin ta ba su san su wa ke tsare ba. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, babu alƙalin da ya same su da laifi. Wanda aka yanke wa hukuncin ma, in ba na kisa ko ɗaurin rai da rai ba, wata rana zai fito, kuma ba wata ƙasa za shi ba. Lungunmu zai dawo, ya yi sallah a sahunmu, ya zauna da ƙannenmu a bakin titi. Wanda ya shekara biyar bai koyi komai ba sai dabarun tsofaffin 'yan fashi, shi kake so ya zama maƙwabcinka?

Amurka ta gwada wannan taurin zuciyar. A 1994 ta hana fursunoni tallafin karatun jami'a na gwamnatin tarayya da ake kira Pell, yawancin azuzuwan jami'a a kurkuku suka rufe. Binciken da cibiyar nazari ta RAND da ke Amurka ta fitar a 2013 ya nuna cewa yiwuwar komawa kurkuku ta ragu da kashi 43 cikin 100 ga waɗanda suka yi karatu a tsare. A 2023 aka dawo da tallafin. Mu kuma da muka sauya wa hukumar gidajen yari suna a 2019 ta zama ta gyaran hali, da me za mu gyara halin?

Masu cewa kafinta da ɗinki sun wadatar, su fara cire nasu 'ya'yan daga jami'a su kai su shagon tela.

Abin takaicin, ɗan Kano ne ya nuna hanya. A zamanin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ke shugabantar jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, aka yafe wa fursunoni kuɗin makaranta gaba ɗaya, kuma an yaye masu digiri a gidajen yarin Kirikiri na Legas da Kuje na Abuja. Amma yafe kuɗi kaɗai ba ya karantar da kowa. Shiri irin wannan yana buƙatar jagora na dindindin, malami wanda aikinsa ke nan, mai bakin da zai hana a sauya wa ɗalibi gida ana tsakiyar zangon karatu, mai bin takardunsa bayan an sallame shi. Ba gandiroba da aka ɗora wa aikin a kan gadinsa ba, ba kuma ƙungiyar da za ta kawo littattafai ta ɗauki hoto ta tafi ba.

Gyaran kundin tsarin mulki na 2023 ya bai wa jihohi hurumi a harkar gidajen gyaran hali, don haka uzurin "na tarayya ne" ya ƙare. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero kuma a kan titin Gwarzo yake, hanya ɗaya da Janguza. Kafin motar farko ta tashi daga Kurmawa, gwamnati ta zauna da jami'ar, a ware azuzuwa, a naɗa wanda zai riƙe su.