Sanyin bangaskiya ba ciwon Turawa kaɗai ba ne

Duk lokacin da maganar Kiristancin Ingila ta taso tsakanina da mutanenmu na Zuru, hukunci ɗaya ake yankewa: Turawa sun ƙoshi sun juya wa Allah baya, mu ne muka rage riƙe da wutar. Da tausayi ake faɗa, amma ƙarƙashin tausayin akwai wani jin daɗi da ya daɗe yana damuna. A Zuru ta jihar Kebbi aka haife ni, can aka yi mini baftisma, yanzu kuma ina aikin jinya a arewacin Ingila. Na yi sujada a can, ina yi a nan, kuma na yarda rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin nake so mu duba, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da ake faɗa game da nan ba ƙage ba ne. A ƙidayar jama'a ta 2011, kashi 59.3 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne. A ta 2021 adadin ya sauko zuwa 46.2, karo na farko da ya gaza rabi, waɗanda suka ce ba su da addini kuwa suka kai 37.2. Za ka ga majami'ar dutse mai dogon hasumiya an yanka ta ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya, wata ta zama gidan cin abinci, wata shagon kayan ɗaki. Wannan fa ƙasar Dokta Walter Miller ce, wanda ya zauna a Zariya ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, wanda kakanninmu suka koyi karatu da shi.

Sai dai yawancin Turawan da nake aiki da su ba su ƙi Allah ba, ba sa kuma zagin masu bi. Mutanen kirki ne, masu cika alkawari, masu tausayin mara lafiya. Kawai dai ba su ga inda suke bukatarsa ba. Tun 1948 asibitin gwamnati kyauta ne ga mazaunin ƙasa. In mutum ya faɗi, a buga 999, motar asibiti ta zo. In gida ya ƙone akwai inshora, in tsufa ya zo akwai fansho, in aiki ya ƙare gwamnati na ba da ɗan abin rufin asiri. Mutumin da abincin mako ke jiransa a firji, roƙon abincin yini da ke cikin Addu'ar Ubangiji ba ya taɓa shi yadda yake taɓa manomin Ribah a ƙasar Zuru. Abin da ya fi sosa mini rai a wurin aiki shi ne a tambayi mai jinya da ke gab da tafiya ko yana son a kira masa limamin asibiti, ya yi murmushi ya ce ya gode, ba ya bukata. Ba fushi a muryarsa, ba gardama.

Wannan ita ce muryar Lawudikiya a Ru'ya ta Yohanna sura 3. Birni ne na masu harkar kuɗi, da masu saƙar baƙin ulu, da masu maganin ido, a ƙasar da ake kira Turkiyya yau. Da girgizar ƙasa ta rushe shi wajen shekara ta 60, marubucin tarihin Rum, Tasitus, ya ce da dukiyarsu suka sake gina shi, ba tare da agajin Rum ba. Halin gari sai ya shiga ikilisiya. Ta ce ita mai arziki ce, ba ta rasa komai ba. Yesu ya ce mata matalauciya ce, makauniya, tsirara, ya kuma ce ta zo wurinsa ta sayi zinariya, da fararen tufafi, da maganin ido, wato ainihin kayan da garin ke taƙama da su. Ayar nan da muke yawan karanta wa marasa bi a wurin wa'azi, wadda Yesu yake tsaye bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa, ga wannan ikilisiya aka rubuta ta. Ƙofar masu bi ce, shi kuma yana waje.

To, ga abin da ba mu cika faɗa wa mutanen gida ba. Mu da muka zo da wutar, ita ma tana mutuwa a hannunmu, kuma ba ta jiran tsara ta biyu. Da aka buɗe bizar aikin kula da tsofaffi a 2022, 'yan Najeriya da yawa suka shigo, cikinsu har da 'yan Kebbi. Kafin tafiya an yi azumi, an kwana addu'a a kan fasfo, an ba da shaida a gaban ikilisiya ana hawaye. Bayan an zo, sai aikin Lahadi ya fara cin sujada, domin wurare da dama sun fi biya a ƙarshen mako, ga kuɗin haya, ga bashin da aka ci na tafiya, ga 'yan'uwa a gida kowa da bukatarsa. Ba mai cewa ya bar bin Yesu. Sujada kan koma wa'azin Facebook da ake saurara ana wanke-wanke, addu'ar safe ta iyali ta koma sai ranar hutu, daga nan sai ranar da takardar zama ta kusa ƙarewa. A ranar kam za ka ji saƙo ya shigo WhatsApp: 'yan'uwa, a sa mu a addu'a. Da an sabunta takarda sai shiru.

Ba ina zargin mai neman halalinsa ba ne. Na san gajiyar tsayuwar awa goma sha biyu. Amma tilas mu yi wa kanmu tambaya mai ɗaci: in addu'ar mutum ta bushe da zarar ya sami asibiti da albashi a kan kari, to tun a gida Allah yake nema, ko abin da ke hannun Allah? Ingila ba ta zuba mana wannan sanyi ba. Da shi muka hau jirgi, wahala ce ta rufe shi ba mu gani ba.

Shi ya sa ban yarda da cewa cikar majami'unmu a gida shaida ce ta lafiyar ruhu ba. Ina faɗin haka da taka-tsantsan, domin na san abin da mutanenmu ke ciki. Na san ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da 'yan bindiga suka tarwatsa, Kirista da Musulmi duka, na san gonakin da aka bari ba a girbe ba, ban kuma manta ɗaliban da aka kwashe a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 ba. Uwar da ke durƙushe tana roƙon Allah ya dawo mata da ɗiyarta, ba ni da bakin auna addu'arta. Akwai masu bi a ƙauyukan nan da suka rasa komai ba su saki Ubangiji ba, irin ikilisiyar Simirna ta Ru'ya ta Yohanna sura 2 da aka ce mata matalauciya ce amma mai arziki. Su ne malamanmu.

Maganata kan majami'un cikin gari ce, a Zuru, da Yelwa, da Birnin Kebbi, inda mu 'yan boko da ma'aikata da iyalan manyan sojoji muke zama. A can ma akwai dogaro da kai, sai dai ba da inshora aka gina shi ba. Da gado aka gina shi. Kakanmu na cikin na farko da suka karɓi bishara, babanmu dattijon ikilisiya ne, sunanmu Bulus ko Rifkatu, saboda haka maganar tuba ta wasu ce. Da yawan hidima kuma aka gina shi. Mace na iya cika kowane taron Zumuntar Mata, da ankonta da kuɗin wata ba fashi, alhali ta shekara ba ta gaisa da matar ƙanin mijinta. Saurayi na iya raba mako tsakanin gwajin waƙa da fareti, bai buɗe Littafi shi kaɗai ko sau ɗaya ba. Ranar godiyar kaka a kira sunan mai buhu goma a tafa, gwauruwa mai mudu ɗaya ta ajiye nata ta wuce ba wanda ya lura. Har tsanantawar da muke sha mun mai da ita abin dogaro: tun da ana matsa mana, ai mu ne na Allah, ba sauran abin da za a gyara a cikinmu. In Ingila ta yi kama da Lawudikiya, mu kuma mu karanta wasiƙar Sardisu a farkon Ru'ya ta Yohanna sura 3, ikilisiyar da ta yi suna a kan tana da rai.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne aikin bishara. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai ke fita da ƙafa ko da keke ƙauye-ƙauye, su kwana inda dare ya yi musu. Yau majami'ar gari na canza rufi, ta sa tayil, ta sayi janareta da manyan lasifika, mai bishara da aka tura can cikin ƙauyukan Kambari ko Dukawa kuwa ya yi watanni yana jiran ɗan alawus ɗinsa, 'ya'yansa na zaune gida don kuɗin makaranta. Ikilisiyar da ta san da alheri kaɗai take tsaye ba za ta iya barci a kan wannan ba.

Akwai kuma wurin da sanyin nan da sanyin gida suke haɗuwa suna rufa wa juna asiri, shi ne kuɗi. Ɗan ikilisiya ya tafi Ingila, ya daina zuwa sujada, gidansa na tangal-tangal, yaransa ba su san ko labarin Yusufu ba. Amma yana turo fam. Da an tashi gidauniyar gini sunansa ne kan gaba, a karanta adadin da naira, a yi guɗa, a sa masa albarka daga bagade. Kiran da yake samu daga gida na gaisuwa ne da lambar asusu. Da wuya ka ji wanda dattijon ikilisiyarsu ya kira ya ce masa: ɗana, a wace majami'a kake yanzu, wane ne fastonka, yaushe rabonka da jibin Ubangiji? Shi ya sami kwanciyar rai cewa yana yi wa Allah aiki, su sun sami siminti, ba wanda ya tambayi wani komai. Wannan ya fi majami'ar da ta zama gidan abinci ba ni tsoro, don ita kowa na ganin abin da ya same ta.

Dole kuma in yi adalci ga Turawan da suka rage. A majami'ar unguwarmu akwai tsofaffi 'yan kaɗan da ke fitowa cikin sanyin hunturu, wasu da sandar dogarawa. Ba wanda zai yi da su in sun fasa, ba wanda zai yaba musu in sun zo, jikokinsu ma mamakinsu suke yi. Suna da asibiti da fansho kamar kowa, duk da haka suna durƙusawa su ce su masu zunubi ne masu bukatar jinƙai. Su ke tara abinci suna raba wa mabukata, kuma in labarin kashe-kashe a Najeriya ya fito, sukan sa mu a addu'a da sunan ƙasa. A wurinsu na ga cewa mutum na iya ƙoshi bai manta Mai ba shi ba. A gida al'ada da idon jama'a suna tura mu majami'a. Su ba abin da ke tura su sai ƙaunar Almasihu.

Kada wani ya ɗauka ina yi wa talauci kirari. Ina so Zuru ta sami asibitin da mace ba za ta mutu wurin haihuwa ba, ina so manomi ya je gona ya dawo lafiya, ina so hanya ta yi kyau. Allah ba ya bukatar mu zauna cikin tsoro kafin mu neme shi. Agur a Misalai sura 30 ya roƙi kada a ba shi talauci ko dukiya, don ya san mai ƙoshi na iya cewa wane ne Ubangiji, mai yunwa kuma na iya sata ya ɓata sunan Allah. Hatsari biyu ya gani, mu kuwa ɗaya kawai muke wa'azi a kai.

A Kubawar Shari'a sura 8, Musa ya gargaɗi Isra'ila cewa in sun ci sun ƙoshi, sun gina gidaje masu kyau, garkunansu sun yaɗu, kada su ce ƙarfin hannunsu ne ya samo musu. Tun suna jeji ya faɗa musu, ba su ko taka ƙasar ba. Roƙona ke nan ga iyayenmu fastoci da dattawa a gida. Muna koya wa matasa yadda za su yi addu'ar buɗin hanya, ba mu koya musu yadda za su zauna da Allah bayan hanya ta buɗe, ko Ingila ce, ko Abuja, ko ƙarin girma a ofis a Birnin Kebbi. Baba fasto, in ɗan ikilisiyarku ya sami biza, ku zaunar da shi da matarsa kafin walimar bankwana, ku faɗa musu gaskiyar abin da ke jiransu. Ku ba su takardar shaida su kai wa majami'ar da za su shiga, ko ta Turawa ce mai mutum ashirin, kada su zauna jiran sai sun sami mai yin sujada da Hausa. Ku ɗora wa dattijo ɗaya alhakin kiransu a kai a kai, kiran da babu maganar gini a ciki. In kuma kuɗinsu ya iso, a fara biyan bashin alawus na masu bishara da ke ƙauye kafin a sayi tayil.