Bambaro a Shagon Tela

Da ƙanena ya gama karatun haɗa magunguna a Indiya ya dawo Katsina, kowa a gida ya samu tsaraba mai ma'ana. Hajiya ta samu mayafi, uwargidana turare, yara alawa. Ni kuwa babban wa, wanda ya sha tura masa kuɗin abinci, sai ya miƙo mini wani ɗan ƙarfe da bai wuce tsawon yatsana ba. Kai gare shi zagayayye, da ƙafafu biyu a jere, a tsakaninsu kuma wani siririn harshe da aka lanƙwasa bakinsa. Na ce, "Makullin wane gida ne wannan?"

Ya ce, "Yaya, kayan kiɗa ne. Maƙeran Rajasthan ke ƙera shi, morchang suke ce masa."

Hajiya ta ɗago kai daga kan tabarma ta ce, "Kai, bambaro ne hwa! Shi ne sai an hau jirgi an ɗauko? Ai yara sun sha kaɗa shi muna ƙanana."

Ni dai ban gaji kiɗa ba. Ɗinki muka gada, kakana da allura ya yi surfani, ni kuma keke nake takawa a shagona da ke wajen Ƙofar Ƙaura. Amma na zauna na yi lissafi. Kalangu sai ka iya matse shi a hammata, algaita sai kumatu sun kumbura, kakaki kuwa na fada ne, ba ruwan talaka da shi. Wannan fa harshe ɗaya tal gare shi. Ga ni kuma mutumin da ya shekara da shekaru yana riƙe allurai a baki yana yi wa jama'a awo, bai taɓa haɗiye ko guda ba.

Bayan isha'i na shiga ɗaki, na cusa shi a baki, na datse da haƙora yadda nake datse zare, na ɗana yatsa na fizgi harshen. Ƙas! Ƙarfen ya dawo ya sauka a kan haƙorina na gaba. Zafin bai tsaya a baki ba, ya bi ta hanci ya haura har tsakar kai, ido ɗaya ya kawo ruwa. Na ruga gaban madubi ina ƙirga haƙora. Suna nan cif, sai dai ɗaya ya yi fushi, ya daina shiri da ruwan randa har wani lokaci.

Washegari na sa babban yaron shagona ya nemo mini masu abin a YouTube. A nan na ga ashe duniya ta yi nisa da wannan ɗan ƙarfe. Akwai wani gari a Ostiriya, Molln, da maƙeransa ke ƙera shi tun ƙarni na 17. A yankin Yakutiya na ƙasar Rasha kuwa, inda suke kiransa khomus, har gidan tarihi suka buɗe masa a birnin Yakutsk, kuma a shekarar 2011 mutum 1,344 suka taru a can suka kaɗa shi lokaci guda. Abin da ya fara zuwa raina shi ne likitan haƙoran garin. Wata mata na gani tana fitar da kukan tsuntsaye da sukuwar doki da shi, fuskarta ko gezau.

Ashe ba cizonsa ake yi ba. Buɗe haƙora ake yi kaɗan, daidai yadda harshen ƙarfen zai samu hanyar shiga da fita, sai a jingina ƙafafun nan biyu a jikin haƙoran gaba, na sama da na ƙasa, a danna su zauna daram. Leɓɓa su kwanta a kan ƙafafun, amma kada su taɓa harshen. Fizgar kuma a miƙe ake yinta, gaba ko baya. In ka ja shi a karkace, sai ya riƙa dukan ƙafafun yana ƙaras-ƙaras. In ka sassauta dannawa, ƙarfen ya yi ta rawa a kan haƙori har ka ji tsikar jikinka ta tashi. Harshenka na nama kuwa ka janye shi can baya, don in ya leƙo, zai ji a jikinsa. Nawa ya leƙo. Leɓena na ƙasa ma ya leƙo, ƙarfen ya matse shi a ɗan tsagin nan, na wuni ina shan shayi da gefen baki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, bambaro shi kaɗai ba shi da wata murya. Ka riƙe shi a hannu ka fizga, ɗan zizar da zai yi ko na kusa da kai ba zai ji ba. Bakinka ne ƙwaryar gurmin. Sautinsa na asali guda ɗaya ne, tsawon harshen da kaurinsa suka yanke masa shi, ba ya canzawa. Abin da kake canzawa shi ne girman kogon bakinka. Ka yi kamar za ka ce "i" ba tare da ka fitar da murya ba, sauti ya haura sama ya yi siriri. Ka yi kamar za ka ce "o", ya gangaro ƙasa ya yi kauri. In ka haɗa da jan numfashi da sakinsa ta kan harshen, ƙarar ta ƙaru.

To a nan ne rigimar take. Tunda ƙarfen a jikin haƙori yake, girgizar ta ƙashi take bi ta shiga kunne. Ni a cikin kaina ji nake na cika unguwa da kiɗa, har ina lumshe ido ina kaɗa ƙafa. Wanda ke waje kuwa, Allah kaɗai ya san abin da yake ji. Ranar da na fara samun sauti mai tsabta, ina tsakiyar jin daɗi a duhu don an ɗauke wuta, sai ƙofa ta buɗe, uwargida ta shigo da gwangwanin maganin sauro ta feshe ɗakin tas, ni da bambaron duka. Ta ce, "Maigida, tashi ka fita, wani ƙaton sauro ne ya shigo, tun daga tsakar gida nike jinsa." Na nuna mata ƙarfen. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Da girmanka?" Ta ja ƙofa.

Sai hunturu ya kama. Wanda ya san sanyin Katsina ya san yadda leɓe ke tsagewa ko ba a taɓa shi ba, balle an jingina masa ƙarfen da ya kwana a kan taga. Na shafa man kaɗe, abin ya riƙa sulɓewa. Na tuna mutanen Yakutsk da sanyinsu ke wuce digiri 40 ƙasa da sifili, suna nan suna manna ƙarfe a haƙora, na ce lallai akwai bayin Allah a duniya. Yawu kuma ya yi nasa aikin, don ba wanda ya gaya mini ana goge shi a busar bayan an gama. Tsatsa ta fito. Na ɗauko man keke na ɗiga masa, tunda shi na sani. Tuwon daren nan, da miyar kukar, da ruwan da na kora, duk man keke suka zama a bakina. Na wanke shi na koma man gyaɗa. Da safe na tarar da kiyashi sun yi masa layi.

Numfashin ma sai da ya kusa kayar da ni. Na ga wani a bidiyo yana ja yana saki da sauri, na bi shi, jiri ya kwashe ni daga kan kujera na dafa keke. Yaran shago suka zabura, ƙaramin har ya fara salati yana neman ruwa.

Duk wannan bidiri, akwai babbar rigar wani Alhaji, shadda mai tsada, a ninke a kan kanta, ko almakashi bai gan ta ba, ga ɗaurin auren 'yarsa ya matso. A lokacin na shiga wani sabon darasi: in ka motsa baki kamar kana magana, murya a kashe, bambaro kan kwaikwayi kalmar. Na gwada sunana, bai fito ba. Na gwada "sannu", sai wani gurnani.

Ina cikin haka da hantsi, sai inuwa ta rufe ƙofar shago. Alhaji ne. Ya yi sallama, yara suka amsa, ni kuwa ƙarfe na manne a haƙora, yatsa ya riga ya ɗanu.

"Malam tela, ina rigata? Yaushe zan aiko a amsa?"

Wallahi ban yi niyya ba. Bakina ne kawai ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru in an yi masa wannan tambaya, yatsa kuma ya fizga. Sai ga bambaro ya faɗa, tangaram, kowa a shagon ya ji: "Go-be."

Yara suka duƙe bayan kekuna, kafaɗu na rawa. Na zare ƙarfen da sauri na ce, "Ranka shi daɗe, ai dama..."

Alhaji ya ɗaga mini hannu. Ya matso, ya sunkuya ya ƙare wa abin kallo, sannan ya ce, "Mi ka ce daga ina aka kawo shi?"

Na ce, "Indiya, Alhaji."

Ya ce, "Ikon Allah. Bai ko shekara a shagon tela ba, har ya koyi sana'ar." Ya ja benci ya zauna, ya cire takalmi, ya tura ƙaramin yaro ya sayo masa fura, ya ce daga nan ba inda za shi sai ya ga almakashi ya shiga shaddar nan da idonsa.