Dattawan Bronx da Akwatin Kiɗansu

Wata Alhamis da yamma ina dawowa daga aiki, na ratsa ta filin shaƙatawa na Crotona da ke Bronx a birnin New York, sai na tarar da dattawa masu furfura, maza da mata, sun kewaye wani mai juya faifan garmaho suna cashewa. An shimfiɗa leda a ƙasa, wani da ba zai gaza shekara 60 ba yana juyi a kanta kamar katantanwa, jikokinsa kuwa suna yi masa tafi babu kunya ko kaɗan.

Kiɗan hip-hop ne na farkon shekarun 1980, mai sautin na'ura zalla: ganga mai girgiza ƙirji, da tafin da ba hannun mutum ya yi shi ba, da muryar da aka sauya ta koma ta mutum-mutumi. Tushensa wani akwatin ganga ne na lantarki mai suna TR-808, wanda kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980, ya kuma daina ƙerawa a 1983, makaɗa kuwa suka ce bai yi kama da gangar gaskiya ba. Wannan rainin ne ya karya farashinsa har ya faɗo hannun matasa marasa kuɗi, suka mayar da shi abin wasa. Da shi aka yi waƙar "Planet Rock" a 1982, aka aro launin kiɗan Jamusawan nan na Kraftwerk. Na yarda akwai nishaɗi a cikinsa, kuma ƙafata ta motsa ba da izinina ba.

Wani dattijo ya ji harshena, ya tambaye ni abin da tsofaffinmu suke saurare. Na buɗe waya na sa masa Mamman Shata, amma daga tsohon kaset aka kwafo, shuuu ɗinsa ya kusa rufe kalangun. Ya gyaɗa kai cikin ladabi ya koma rawarsa, ni kuwa raina ya sosu.

Har gobe ina nan a kan cewa kalangu ya fi akwatinsu, domin kalangu magana yake yi, yana kiran sunan mutum da na kakansa. Jera kalmomi da ba'a kuwa, 'yan gambara sun yi su a kasuwanninmu tun kafin DJ Kool Herc ya haɗa bikinsa na 11 ga Agusta 1973 a gida mai lamba 1520, titin Sedgwick da ke Bronx, bikin da ake cewa shi ne mafarin hip-hop. Sai dai su sun sa wa wannan yanki na titin sunan kiɗan, a 2023 kuma suka yi bikin cikarsa shekara 50 a filin wasa na Yankee, alhali mu maroƙi muke kiran makaɗi, muna yi masa liƙi amma ba ma ba shi 'ya, mun kuma bar fiyano ya kore shi daga gidan biki.

A daren na kira ƙanena a Katsina, na tambaye shi kwalin kaset-kaset ɗin da Baba yake ajiyewa a ƙarƙashin gado. Ya ce tun daminar da rufin ɗakin ya yi yoyo aka zubar da su, sannan ya tambaye ni yaushe zan turo kuɗin makarantar yara.